Aikina na zama ne, tumbi kuma sai ƙaruwa yake yi

Wani ma'aikaci daga Kano ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Yaya. Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata, shekaruna 43. Lokacin da na yi aure, shekara 12 ke nan, nauyina kilo 74 ne. Yanzu 98 nake, tsayina kuwa mita 1.72. Ƙarfe 7:30 nake shiga mota, in na zauna gaban kwamfuta ba na tashi sai salla, in dawo gida bayan la'asar a gajiye. Da safe shayi da burodi da ƙwai, da rana shinkafa da lemon kwalba, yawanci kwalba biyu a yini. Da dare majalisa, sannan in ci tuwo wajen ƙarfe 10:30. Gwiwata ta fara ciwo in zan tashi daga sujada. Kwanan baya likita ya ce jinina ya fara hawa, suga kuma yana bakin iyaka, ga shi ciwon suga ne ajalin mahaifinmu. Na biya kuɗin gidan motsa jiki na wata uku, sau biyar kawai na je. Na sha shayin rage tumbi, ban da gudawa babu abin da na samu. Ba ni da lokaci, kuma gaskiya na fara jin tsoro. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Tsoron nan da kake ji na san shi, kuma ba zan ce maka ka yar da shi ba, don shi ne ya sa ka ɗauki alƙalami. Ni ma na yi shekaru masu yawa a kan kujerar ofis. Ranar da na farga ba a asibiti ba ne, a shagon telan da ya daɗe yana yi mini ɗinki ne. Na kai masa yadin salla na ce ya yi amfani da tsohon awo. Ya buɗe littafinsa, ya dubi shafin, ya dube ni, sai ya zaro tef daga wuyansa ya ce, "Malam, bari dai mu sake gwadawa." Da ya rubuta sabon awon a gefen tsohon na ga tazarar da idona, jikina ya yi sanyi. Suturarmu tana da rufin asiri. Mai ɗaura bel yana ganin ranar da ya koma hudar gaba, amma wando mai mazagi ba ya kai ƙara, kaftani da babbar riga kuwa sai dai su ƙara maka kwarjini. Shi ya sa da yawanmu ba ma sanin inda muka kai sai gwiwa ko likita sun faɗa mana.

Tunda aikinka lissafi ne, mu fara da lissafi. Kilo 24 a shekara 12, kilo 2 ke nan kowace shekara. Wannan ba aikin haɗama ba ne. Ɗan rara ne ƙanƙani da yake saura kullum tsakanin abin da ka ci da abin da jikinka ya ƙona, ya yi ta taruwa kamar adashe. Abin da ya shigo ta ƙananan ɗabi'u na yau da kullum, ta nan ne kuma zai fita. Saboda haka ka cire kilo 74 daga ranka a yanzu. Ka sa kilo 7 a gabanka, cikin wata shida.

Ba da ka na zaɓi wannan adadi ba. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya hau amma bai kai ciwon suga ba, wato irin matsayin da kake ciki. An sa wani rukuni su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, yawanci tafiya da sauri. An ba wani rukunin maganin ciwon suga mai suna metformin. Cikin kimanin shekara uku, masu gyaran abinci da tafiya sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, masu shan magani kuwa da kashi 31. Kashi 7 na nauyinka kusan kilo 7 ne. Idan ka sauko 91 mutane za su ci gaba da ganinka da jiki, amma jininka da suganka za su san an yi aiki. Gwiwa ma haka: duk kilo ɗaya da ka sauke yana rage mata nauyin da ya kai kusan kilo huɗu a kowane taku.

Akwai awon da na fi so a kan sikeli, kuma ba ya bukatar ko sisi. Ka samo igiya ko zare, ka sa yaro ya auna tsayinka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka, a yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saitin cibiya ko sama kaɗan, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, tazarar nan ita ce aikin da ke gabanka. Ƙa'idar ita ce kewayen ƙugu kada ya wuce rabin tsayi, kai ke nan santimita 86. Dalilin da ya sa ake damuwa da tumbi fiye da ƙibar cinya ko ta hannu shi ne kitsen ciki yana lulluɓe da hanta da hanji, kuma shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Abin daɗin shi ne yana cikin kitsen da ya fi saurin amsa tafiya da gyaran abinci.

Maganar gidan motsa jiki kuwa, kada ka ɗora wa kanka laifin ragwanci. Mutumin da ya fita 7:30, ya yini da alƙaluman kuɗi, ya kutsa cunkoson motoci, ga 'ya'ya ga cefane ga zumunci, in ka ce ya ƙirƙiro wata awa guda da zai sake tuƙi zuwa wani wuri ya canza kaya, ka san abin ba zai ɗore ba. Kuma ko da ya ɗore, awa ɗaya ba ta wanke zaman awa goma gaba ɗaya. A 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke yini, awanninsu ɗaya, amma direba yana zaune, kwandasta yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu saurin kisa. Kwandastan nan bai taɓa biyan kuɗin motsa jiki ba, motsin yana cikin aikinsa ne. Shawarata duka a nan ta tsaya: ka daina neman lokacin da ba ka da shi, ka gyara yinin da kake da shi.

Sai dai zan gaya maka gaskiya tun da wuri, don kada ka yi tafiyar wata biyu ka hau sikeli ranka ya ɓaci. Tafiya tana gyara jini da suga da barci da zuciya, amma yawancin nauyi ta baki yake sauka. Kuma a cikin duk abin da ka lissafa, babu inda na fi tsayawa kamar kwalaben nan biyu. Ka ɗauki kwalbar gobe ka karanta jikinta, an rubuta yawan sukarin. Yawancin lemon kwalba da aka saba yana da wajen gram 10 a kowane mililita 100, ke nan babbar roba ta 50cl tana ɗauke da kusan gram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin gram 50 na sukarin da ake ƙarawa a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Kai kwalba ɗaya ta cika maka ma'aunin yini, ta biyu ta ninka shi, ba a ma zo kan shayin safe ba. Kwalba biyu kullum, kilo 3 na sukari ke nan a wata. Ka je kanti ka ɗaga kilo 3 na sukari a hannunka ka ji. Sannan kwalba ɗaya, kafin mai nauyinka ya ƙone ta, sai ya yi tafiya mai sauri ta wajen minti 40. Mafi muni, abin sha ba ya ƙosarwa. Ka sha shi, ka kuma cinye shinkafarka tas kamar ba ka sha komai ba.

Don haka lemon kwalba ya fita, ba ragewa ba. Na san mutane da yawa da wannan kaɗai ya sauke musu kilo biyu ko uku. Kada kuma ka maye gurbinsa da maltina da danginta da sunan sun fi lafiya, sukarin yana nan. Haka zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a roba, da furar da mai damu ta zuba wa sukari da ludayi. Su kansu ba su da laifi, a yi maka zoɓo a gida da citta da kanumfari babu sukari ko da ɗan kaɗan, ka tafi da shi a gora. Fura da nono kuwa abinci ce cikakkiya, a sha ta a madadin abinci, ba a kora tuwo da ita ba. Shi shayin safe ban ce ka bari ba. In cokali uku kake sawa, koma biyu na mako biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa, har wata rana a ba ka irin na da ka ji ya yi maka zaƙi da yawa. Makon farko za ka ji kasala da la'asar, wataƙila da ɗan ciwon kai. Zai wuce.

Abincin rana ba sai ka koma cin ganye irin na Turawa ba, kuma ba na so ka sayi wani abu mai tsada da sunan abincin rage ƙiba. Abin da muke da shi ya isa. Matsalar farantinmu ita ce shinkafa ta yi tsauni, miya ta yi kwalliya, mai yana kwance a gefe. Ka juya tsarin. Shinkafa ko tuwo ko taliya su tsaya a kwata ɗin faranti, kamar girman dunƙulen hannunka ko sama kaɗan. Wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse su ci wani kwatan. Ragowar rabin ganye ne: kwaɗon zogale, rama, alayyafo, kabeji, kokwamba, miyar taushe ko kuɓewa mai yawa. In garau-garau za ka saya, ce wa mai abincin wake ya fi shinkafa yawa, kuma ka tsaya a kanta lokacin da za ta zuba mai. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 120, kuma hannun mai abinci ba ya tsayawa a cokali ɗaya. Alale ya fi ƙosai, dafaffen ƙwai ya fi soyayye, ɗanwake da ɗan mai kaɗan yana riƙe ciki har yamma. A aljihun teburinka a samu gyaɗa cikin tafin hannu, ko goba ko lemon zaƙi, don yunwar ƙarfe 11 ita ce take aika masinja sayen fanke da cincin. Saboda jininka kuma, a sassauta gishiri da dunƙulen magi, a bar daddawa da tafarnuwa da citta su yi aikinsu.

Yanzu ga inda na fi jin tsoron shirin zai karye, wato dare. Tuwon ƙarfe 10:30 bayan an riga an taɓa tsire ko balangu a majalisa abincin dare biyu ne, kuma daga shi sai gado. Ka dawo da tuwon tsakanin magariba da isha, malmala ɗaya, miya ta wadata. Amma wannan ba hukuncin da za ka yanke kai kaɗai ba ne, don ba kai ke riƙe da tukunya ba. Mace ta yini a kicin, ta jera maka kwanuka, ka ci rabi ka ture ba bayani, me kake so ta ɗauka? Ko girkin bai yi ba, ko ka ci a wani wuri. Ka zaunar da uwargida ka gaya mata abin da likita ya ce, kalma da kalma, ka tuna mata yadda Baba ya yi jinya. In zai yiwu ka tafi da ita ranar komawa asibiti ta ji da kunnenta. Ka roƙe ta ta zama ita ce mai kula da ma'aunin, ta zuba maka a faranti maimakon a ajiye maka kula ka yi ta ɗiba. Na ga gidaje da yawa da matar ce ta ceci mijin, da zarar ta gane ba raina girkinta ake yi ba. Masu mata biyu kuwa sai sun yi wannan zama da kowacce, don inda ake gasar ranar girki, cikin maigida ne filin gasar. Kuma gyaran zai amfani yaranka, tunda ciwon yana cikin dangi.

Ba baƙon abu na kawo maka ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuwa ba makawa, to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace shi tun muna yara. Aiki da shi ne sai an ci a hankali, an ajiye cokali tsakanin loma, don ƙoshi yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya sanar da kai.

To, mu koma ofis. Ka ce ba ka tashi sai salla. Alhamdu lillahi, ke nan akwai agogon da ba ka saɓa masa, sai mu rataya sauran a jikinsa. Azahar, maimakon shimfiɗar da ke bakin ofis, ka tafi masallacin da zai ci maka minti bakwai ko goma a ƙafa. Ka ci abincinka kafin ka tafi in lokaci ya ba da dama, don tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan da suga yake yi, saboda tsokar ƙafa tana janye shi daga jini tana amfani da shi nan take. La'asar ma haka. Da dare ka ci tuwonka, ka taka zuwa isha a masallacin da ya ɗan fi nisa, ka dawo ta doguwar hanya. Ka lissafa: zuwa da dawowa sau uku, ka haɗa minti 40 zuwa 60 ba tare da ka canza kaya ko ka biya kowa ba, ga ladan taku da aka yi alkawari ga mai tafiya masallaci. Minti 30 sau biyar a mako shi ne 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga babba. Sharaɗi ɗaya ne, tafiyar ta zama mai ɗan sauri, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗaga. Tafiyar rangwaɗa da carbi a hannu ana gaisawa da kowa tana da amfaninta, amma ba ita ake nufi ba.

Tsakanin salloli kuma, kada ka bar awa ta cika kana manne da kujera. Duk rabin awa ko makamancin haka ka miƙe na minti biyu ko uku. Fayil ɗin da za ka ba masinja ya kai ofishin sama, kai shi da kanka ta matakala. Wayar da ba ta bukatar ka duba takarda, amsa ta a tsaye kana zagaya ɗaki. Ka ajiye ƙaramin kofi maimakon babbar gora, don ya riƙa tashinka ɗebo ruwa, ruwan kuma ya riƙa tashinka zagayawa. Mota ka ajiye ta a ƙarshen harabar. Kowanne ƙarami ne, amma ka tuna ƙananan abubuwa ne suka tara kilo 24. Wayarka tana iya ƙirga taku. Ka duba na mako guda ka ga inda kake, mai irin aikinka sau da yawa ba ya wuce 3,000. Ka ƙara 1,000 duk mako biyu. Kada taku 10,000 da ake yawan faɗa ya karya maka gwiwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Bincike ya nuna ana samun babban amfani tun daga 7,000 zuwa 8,000.

Zafin Kano ba wasa ba ne, na sani. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana take kaiwa digiri 40, ka mayar da doguwar tafiyar bayan asuba ko bayan isha, ta azahar ka gajarta ta. Asabar da Lahadi ka ɗauki yaran da sassafe, ko filin sukuwa, ko in gwiwa ta yi sauƙi nan gaba ku gwada matakalar Dutsen Dala.

Akwai wani abu da littattafan lafiya ba sa faɗa, amma shi ne yake mayar da mutanenmu kan kujera: bakin mutane. Ranar da ka fara takawa, wani zai tsaya da mota ya ce, "Alhaji lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Wani zai ɗauka ka sayar da ita. In ka fara saukewa kuma za a ce, "Kai, ka rame, ko ba ka da lafiya ne?" Domin a wurinmu tumbi alamar hutu ne da samu, rama kuwa alamar ciwo ko bashi. Ka shirya amsa guda ɗaya, gajera, ka riƙa maimaita ta: "Likita ne ya sa ni." Ba wanda yake jayayya da wannan. Kuma ina tabbatar maka a ofishinku akwai aƙalla mutum biyu da aka gaya musu abin da aka gaya maka, suna ɓoyewa. In ka samu ɗaya ku riƙa tafiya masallaci tare, ranar da ka ji kasala shi zai tsaya a bakin ƙofarka. Majalisa ma ban ce ka ƙaurace mata ba, zumunci magani ne. Ka je a ƙoshe, ka ɗauki tsinke ɗaya in an matsa, ka ce a yi naka shayin babu sukari, ka tashi da wuri. Barcin da bai kai awa 7 ba yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari, kuma mai tashi asuba da ya kwanta sha biyu ba zai samu ko shida ba.

Sau biyu a mako ka ba tsoka aiki, don mai rage nauyi yana iya rasa tsoka tare da kitse, ita kuwa tsoka ita ce babbar ma'ajiyar suga a jiki. Minti goma a ɗaka ya isa farawa. Ka zauna a kujera mai ƙarfi ka miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau goma, ka huta, ka sake. Ka dafa bango ka riƙa kai ƙirji kana turowa. Ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa kana sauka. Na farkon nan shi ne zai ƙarfafa cinyar da take ɗauke wa gwiwa nauyi lokacin tashi daga sujada. Gudu da tsalle ka bar su tukuna. In gwiwar ta kumbura ko ciwon ya ƙaru, a duba ta.

Shayin rage tumbi kuwa, ka zubar da ragowar. Yawancinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da fitsari. Abin da yake fita ruwa ne, kitsen yana nan, ƙoda da hanji ne suke shan wahala. An sha kama wasu irin waɗannan kayan da aka cusa musu sibutramine a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ba shi da abin da zai nema a nan. Bel ɗin ɗaure ciki da man shafawa ma kuɗi kawai suke ci.

Ka koma wurin likitanka kafin ka fara, ka gaya masa shirin. In ya ba ka maganin hawan jini ka sha, kada ka ce sai ka gwada tafiya tukuna, ana haɗa su ne, shi ne kuma zai rage in lokaci ya yi. Ka tambaye shi gwajin da yake nuna matsakaicin suga na wata uku, don ku sami abin kwatantawa nan gaba. Ka tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa, in haka ne ka faɗa masa, don yana tafiya da ƙiba da hawan jini da gajiyar nan da kake kwasowa. In kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ka tsaya, ka nufi asibiti a ranar. Azumin Litinin da Alhamis yana taimaka wa wasu ƙwarai, muddin ba a rama da buɗa-baki ba, amma in an ɗora ka a kan maganin suga sai da shawararsa.

Sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma za a yi makonnin da allura ba za ta motsa ba ko ta ɗan koma sama. Za a yi biki, za a yi suna, babbar salla za ta zo da soyayyen nama. Ka ci rabonka, washegari ka koma kan tsarinka ba tare da ka ce ai an riga an ɓata ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka ɗauki duk abin da na faɗa a rana ɗaya, za ka gaji ka watsar kamar yadda aka yi da gidan motsa jiki. Mako biyun farko abu biyu kawai nake so: babu lemon kwalba, kuma azahar da isha a ƙafa. In sun zauna, ka dawo da tuwo bayan magariba. Sannan faranti, sannan sauran. Daren yau ka yanki igiyar, ka sa alama da biro a inda ta tsaya, ka rataye ta a bayan ƙofa. Bayan mako shida ka sake rubuto mini ka faɗa mini yatsa nawa ya rage bakinta ya haɗu, da abin da likita ya ce. Allah ya ƙara lafiya, ka gaida uwargida da yara.